Albasar Kaduna

Zuwa ga ƙanena Garba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya iyali? Ya ƙarfin jikin matarka Hadiza? Mu nan Argungu lahiya lau muke, sai godiya.

Inna ta iso lahiya, amma tun da ta dawo daga wajenka kunnuwanmu ba su huta ba. Kaduna da safe, Kaduna da marece. Wai Tudun Wada fitilu har cikin lungu, wai Unguwar Rimi itatuwa sun yi wa titi rumfa, wai gidanka ruwa daga bango yake zubowa. Ta ce ko Birnin Kebbi, inda gwamnanmu yake zaune, ƙauye ne. Ni da nake kai ta asibiti Birnin Kebbi duk sanda ƙafarta ta motsa, ban taɓa samun rabin wannan yabo ba. Gaskiya abin ya ci mini rai.

Sai maganar tsaraba. Da maƙwabta sunka shigo, ta kwance ƙunshi tana raba musu albasa, tana cewa, "Ku ga albasar birni, ko ƙamshinta daban!" Garba, na ɗauki guda na duba. Irin tamu ce, wadda muke lodawa a mota kowace shekara. Ga tawa jibge a tsakar gida, ko kallonta ba ta yi.

Ka gaida Hadiza da yara, ku sa mu cikin addu'a. In akwai ɗaki, ka aiko in zo in kwana biyu. Wataƙila in na dawo daga Kaduna, ni ma Inna ta ji ƙamshina.

Yayanka,
Umaru