Masana'anta Don Kwanan Wata

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, in ka cire sabon shugabanmu na ofis.

Kwas ɗin sati ɗaya ya je, ya dawo rungume da littafin salon tsara manhaja kamar shi ya rubuta. Littafin da na karanta tun shi yana firamare! Layi uku na rubuta don kwamfuta ta buga kwanan wata a rasit. Ya leƙo ya ce, "Dattijo, ina masana'antar?" Wai a tsarin littafin, sai na gina sashen manhaja da zai ƙera wani sashe, shi kuma ya ƙera mai buga kwanan watan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shayi kofi ɗaya aka nema, ba gonar shayi ba." Kowa ya yi dariya ban da shi. Nan na tuna takardar sabunta izinin zamana a ƙasar nan tana teburinsa, bai sa hannu ba.

Kada Inna ta ji, ka ce mata ana ji da ni. Jiya na miƙa masa masana'antarsa, fayil goma sha ɗaya. Ya ce na fara koyo.

Ku sa ni a addu'a, har yanzu bai ɗauki biro ba.

Yayanka.