Ɓerayen Nuriyya a Ɗakin Goggo

New Bell, Duwala, 6 ga Afrilu, 2020

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen Garwa. Yaya ƙafar taka?

An rufe jami'a saboda annoba. Fararen ɓerayen nan arba'in da nake gwada maganin ciwon sukari a kansu, shekara uku ke nan, babu mai ba su abinci, sai na kwaso su a tasi zuwa gidan ƙanwarka Goggo Hadija. Da fari ta rantse ba za ta kwana da ɓera a gida ba. Yanzu har sunaye ta raɗa musu. Ka san Goggo, ko ƙadangare ya shigo gidanta baƙo ne.

Saura mini wata uku in gama. A sa ni a addu'a.

'Yarka,
Nuriyya

New Bell, 19 ga Yuni, 2020

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ni dai jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi.

Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara. Goggo ta ga wai ɓerayena, bayin Allah, sun gaji da kulle, ta riƙa fitar da kejinsu tsakar gida su sha iska, daf da kwatar da ɓerayen unguwa ke bi. Da suka fara atishawa, wuyansu ya kumbura, idanunsu na zubar da jan ruwa, ba ta faɗa mini ba don kada ciwona ya ƙaru. Kwalli ta yi ta sa musu.

Likitan dabbobi ya ce wata korona ce ta ɓeraye, ba ta kama mutum, yawancinsu ma za su warke. To me warkewar za ta yi mini? Malamina ya ce jinin ɓeran da ya yi ciwo ba ya zama hujja. Wa'adina zai ƙare a Yuli, kuma ba a ƙarawa.

Na rasa wanda zan yi wa fushi. Goggo kwana biyu ba ta ci abinci ba, ni ce ma nake lallashinta. Wallahi Baba na gaji, ban ga ta inda zan sake farawa ba.

Inna ta ce har ka kai shadda wurin tela saboda ranar da zan kare aikina gaban malamai. Don Allah ka je ka karɓo tun bai yanka ba.

A gaida kowa.

'Yarka,
Nuriyya