Kumfa a Kogin Garinmu

Pernambuco, Satumba

Maigidana Edivaldo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aikin gini, ya sanyin São Paulo? Yara lafiya lau, ni ce dai raina a ɓace.

Kumfa ta rufe kogi fari fat, har ƙarƙashin gada. Kaguwa ta mutu, kifi ya taso ciki sama. Babana ya dawo daga kamun kaguwa da buhunsa wayam, ya zauna a bakin ƙofa, ko wake da garin rogon da na zuba masa bai taɓa ba.

Ka san ruwan wankin da muke yi da sukarin rake a masana'anta, wanda ke narkewa ba ya kashe komai. Jirage ake cikawa da shi zuwa waje, a wanke injuna da ulu. To mu ba da shi ake wanke tankunanmu ba, wai ya yi tsada. Tsohon sinadari ake zubawa, a saki dauɗar cikin kogi. Amma manaja ya shiga rediyo ya ce sabulun mata masu wankau ne ya jawo kumfar. An kafa dokar hana masu wankau sauka kogi, har da Mama, matar da ta raine mu da wanki tun ba a kafa wannan masana'anta ba.

A taron coci na miƙe na faɗi abin da idona ya gani. Washegari aka karɓe rigar aikina a ƙofar masana'anta, aka sallame ni.

Taka,
Valdirene

Oktoba

Maigidana,

Ina gaishe ka, ya aiki? Saƙonka ya iso. Don Allah kada ka zo ba wa kowa haƙuri, ban yi laifi ba.

Ranar da masu sayen ruwan wankinmu suka zo daga ƙasar waje, Mama ta tara mata, kowacce da baho a ka. A famfon ƙofar masana'anta suka yi wanki, suka shanya a jikin wayar shinge. Mai gadi ya ce su tashi. Mama ta ce masa, "Gilvan, ni na wanke zanin goyonka. Matsa mini."

Baƙin suka nemi a kai su kogi. Yanzu an janye dokar, tankuna ma da ruwan wankin namu ake wankewa. Manaja na nan kan kujerarsa, ni kuma ba a mayar da ni aiki ba.

Kaguwa ba ta dawo ba tukuna. Baba yana ɗinke tarun mutanen bakin teku, ya ƙi zama inda zai hango kogin.

Yara na gaishe ka. Ka ci abinci.

Matarka,
Valdirene