Kwamfutar da ke cikin jakar cefane

Nelida,

Ranar Litinin ɓarawo ya zare miki wuƙa a cikin bas saboda kwamfutarki, kika kama kokawa da shi. Ya tafi da ita, ya bar ki da ɗinki shida a hannu. Tun ranar ko shafi ɗaya na kasa karantawa.

Jiya na shiga tsakiyar Lima na sayo wata, tana kan tebur. Mai shagon ya dinga tura mini wata mai ƙyalli, wai, "Baba, wannan ko minista ya gani sai ya waiga." Na ce masa waigen nake gudu, ya kawo mafi muni a shagon. Ta hannu ce, murfinta duk ya goge, ba ta kai ƙamus ɗina nauyi ba. Za ta yi miki aikin ofis. Iyakar abin da fanshon malamin makaranta zai iya ke nan.

Na tafi bin layi a asibiti, kada ki jira ni.

Ki riƙa fita da ita a jakar cefanen nan, dankali a sama. In duk da haka wani ya miƙo hannu, ki sakar masa, shi ya sa na zaɓi mai arha. Na san za ki ce tsufa ya mai da ni matsoraci. Gaskiyarki.

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ita ma riƙe jakarta ta yi a bakin kasuwa, ina bayanta da taku goma. Ban samu na ce mata ta saki ba.

Babanki,
Eusebio