Ƙafa Goma

Asabar, 1 ga Yuni

Jifa ɗari, runguma goma sha tara. Na rubuta ne don in daina yi wa kaina ƙarya. Ni Lowell, wanda a da in na jefa takalmin doki ɗari, sittin da huɗu sai sun rungumi turke. Yau rabinsu ko yumbun ramin da turken ke ciki ba su kai ba, a ciyawa suke faɗuwa. Kafaɗar nan kamar an zuba mata tsakuwa.

Arlis mai tsara gasa ta ja ni gefe. Wai shekaruna saba'in da biyu, doka ta daɗe da yarje mini in matso layin ƙafa talatin daga turke. Na ce mata a ƙafa arba'in ubana ya tsayar da ni, a nan za a ɗauke ni. Ta ce, "To, aji na huɗu za ka sauka." Ta tafi abinta.

Merle, tsohon abokin jifana, na can filin ƙarshe. Bai dubo ni ba, ni ma haka.

Talata, 4 ga Yuni

Ruwa tun safe. Masara ta sha, ni na zauna.

Opal ta ajiye mini kofi ta ce, "Tsoho, shekara uku fa. Ko jaki ya huce." Shekara arba'in da shida da aurenmu, har yanzu ba ta koyi yin shiru ba.

Bari in rubuta abin sau ɗaya, ko zai bar ni. Ni da Merle shekara talatin da ɗaya muna jifa tare, mota ɗaya, tulun kofi ɗaya. Ranar baje kolin gunduma, shekara uku da suka wuce, sai na ga ya wuce layinmu ya je ya tsaya a na talatin, inda mata da tsofaffi ke tsayawa. Na ɗaga murya, kowa na ji, na ce, "Merle, tunda abin ya kai haka, gobe ka aro siket ɗin matarka Verna!" Aka kwashe da dariya, har masu sayar da masara gasasshiya. Ya gama wasansa, ya kwashe takalmansa, bai ba kowa hannu ba.

Sai bayan mako biyu na ji cewa likita ne ya sa masa ƙarfe a zuciya, ya hana shi yunƙuri. Bai gaya mini ba. Ni ma ban je ba. Kullum sai in ce gobe.

Asabar, 15 ga Yuni

Runguma goma sha bakwai.

Lahadi, 7 ga Yuli

An fito daga coci, Verna ta tsayar da Opal a bakin ƙofa. Na yi kamar ina neman makullin mota, amma kunnena na wurin. Sun sayar da gidan. A watan Satumba 'yarsu za ta kwashe su zuwa can jihar Arizona. Hannun Merle ya fara rawa, zuciyar kuma ta ƙi. "Baje kolin bana ne na ƙarshe," in ji Verna.

A hanya Opal ta juya fuska wajen taga har gida. Wannan ya fi surutunta ciwo.

Asabar, 20 ga Yuli

Na sake sauka, aji na biyar. Ni da na taɓa ɗaukar kofin gunduma sau huɗu, yanzu abokan karawata su ne wanda ya fara jifa bara da wani likitan haƙori da ke riƙe takalmi kamar cokali. Ya ci ni. Har ya ce mini, "Kada ka damu, Baba, da sannu za ka iya."

Ban zage shi ba. Na juya yumbun ramin da shebur, na yayyafa ruwa don masu zuwa bayanmu, kamar yadda aka saba. Ko wannan sai da kafaɗa ta yi ƙara.

Juma'a, 9 ga Agusta

Arlis ta manna jerin wasannin baje kolin gobe a jikin rumfa. Ana raba aji ne da yawan rungumar mutum, ba ruwansu da layin da kake tsayawa. Ashe yadda nake gangarowa, haka Merle ke gangarowa. Aji na biyar, mutum shida, kowa sai ya kara da kowa. Wasa na uku: ni da shi.

Na shirya maganar a cikin rumbu, da ƙarfi, sau uku. Kalma nawa ce? Ka yafe mini. Kaji ne kawai suka ji.

Asabar, 10 ga Agusta

Mun ba juna hannu, don doka ce. Hannunsa sanyi ƙalau, ga rawa.

Jifa hamsin-hamsin. Shi a gaba, ni ƙafa goma a bayansa, ina kallon ƙeyarsa. Wuyan ya zama kamar na zakara, rigar ta yi masa yawa. Ba a magana in abokin karawa na jifa, na kuwa laɓe a bayan wannan dokar har ƙarshe. In mun taka zuwa ɗaya ramin, kafaɗa da kafaɗa, nan ne damar. Sau ashirin da biyar muka yi wannan tafiyar. Na ƙirga.

Ba ya iya sunkuyawa, da ƙugiya yake ɗauko takalmansa. Sau ɗaya ƙugiyar ta kuɓuce masa, na ɗauko na miƙa. Ya ce, "Na gode." Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Yumbun nan ya bushe." Ya ce, "Ya bushe."

Sau ɗaya muka yi runguma tare, tasa ta kashe tawa, ba wanda ya sami maki. A da in haka ta faru sai ya buga takalmansa biyu su yi ƙara, ya ce, "Mun tashi a banza, ɗan'uwa!" Yau ya dubi ƙasa.

Ya ci ni, ashirin da biyu da goma sha huɗu. Muka sake ba juna hannu. Ya ɗan riƙe nawa, yana jira. Wallahi yana jira. Sai lasifika ta kira wasa na huɗu, na saki.

Na ji kunyar kaina yau fiye da ranar siket.

Lahadi, 25 ga Agusta

Motar kaya a ƙofar gidan su Merle. An tumɓuke turakun bayan gida, ramuka biyu ne suka rage. Na rage gudu, ban tsaya ba.

Opal ta ce, "Bakinka ba zai iya ba, na sani. To ƙafarka fa? Ita ma ta mutu?" Ban tambaye ta me take nufi ba.

Talata, 3 ga Satumba

Wasan ƙungiya na yamma. Jibi za su tafi. Verna ta kawo Merle ya yi sallama, ya kasa fitowa daga mota, sai ta ja ta har bakin shinge ta sauke gilashi.

Ba wani abu ba ne. Kafaɗar ce ta matsa mini, shi ya sa da aka kira sunana ban tsaya inda na saba ba. Taku huɗu ne kawai gaba, zuwa layin talatin. Arlis ta sunkuyar da kai kan takardarta. Na farko ya wuce turken da nisa, mutum bai saba ba. Na biyu ya runguma.

Sai na ji murya daga mota, siririya, da ƙyar take fita: "Lowell! Verna ta ce siket ɗin na nan, ba a sa shi a kwali ba!"

Ba wanda ya yi dariya sai ni da shi. Tasa ta koma tari, Verna ta ɗaga gilashi, suka ja. Ya ɗora tafinsa a jikin gilashin har suka sha kwana.

Maganar dai ban faɗa ba. Jifa hamsin, runguma ashirin da uku. Na gaya wa Arlis kada ta canja komai a takarda tukuna, gwaji ne.

Ƙafa goma. Shekara uku.