Famfarar Ɗigo

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Ɗigo. Ya ciwon gwiwar nan taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na zaɓi rubutu ne saboda in na kira waya Ɗigo ke ƙwace ta, mu ƙare ban faɗa miki komai ba. Yaya, ashe karatun likitan haƙori da na yi a jami'a shimfiɗa ce kawai. Wannan kwas na asibiti wani abu ne daban. Da safe muna zagaya ɗakunan marasa lafiya, mu duba bakin waɗanda za a yi wa aikin zuciya da masu ciwon daji, don ruɓaɓɓen haƙori ɗaya yana iya ɓata musu magani gaba ɗaya. Da rana ciko da cire haƙori. In an kawo wanda ya karya muƙamuƙi a hatsari, mu ake kira.

Babbar likitar da ke horar da mu, a bayan idonta Madam Sake muke ce mata. Ka gama ciko kana jin kanka, ta leƙo ta saman tabarau ta ce a sake. Ranar farko sai da na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Na ga hoton da kika turo. Wato Ɗigo ta fara famfara! Ki gaya wa maigidanki na ji labarin shi ya fizge haƙorin da yatsu, zan kai ƙararsa don yana aiki ba lasisi. Na yi dariya, amma da na ƙura wa giɓin nan ido sai dariyar ta tsaya. Tun rasuwar babanta ban taɓa kwana nesa da 'yar nan tawa ba sai bana. Shekara ɗaya ce dai, na yi mata alkawari.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Ya makarantar Ɗigo?

Akwai maganar da na kasa yi miki a waya. Madam Sake ta kira ni ofishinta, ta ce cikinmu ni ta zaɓa in ƙara shekara guda, in ƙware a aikin yara masu lalura, waɗanda ba a iya taɓa bakinsu sai an sa su barci a ɗakin tiyata.

A makon ne aka kawo wata yarinya da ba ta magana. Ta daɗe tana dukan kanta da bango, an kai ta wurare ana cewa taɓin hankali ne. Da muka sa ta barci muka buɗe bakin, turamen haƙori uku ne suka ruɓe har dasashi. Ciwo take ji, ba ta da bakin faɗa. Bayan aikin uwar ta dawo ta kama hannuna ta ƙi saki, ta ce 'yarta ta ci abinci ta yi barci. Da wannan a zuciyata na shiga ofishin, kuma na amsa kafin in shawarce ki.

Na san me na ce wa Ɗigo. Don Allah ki lallaɓa ki gaya mata, ke ta fi jin maganarki. In na samu hutu zan zo.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Da fatan kun isa gida lafiya daga asibitinmu, kuma kumburin bakin Ɗigo ya saɓe. Ki tabbata ta shanye maganin ko da ta ce ta warke.

Ki daina ba ni haƙuri. Ba laifinki ba ne. Kogon haƙorin nan yana can ciki inda ba kya gani, kuma ya yi watanni. Zuwana biyu gida, duk barci na yi ta yi saboda gajiya, ban ce mata buɗe baki in gani ba. Bakin mutum nawa na leƙa a shekarar nan?

Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ya faru a ɗakin aiki. Kin gani da idonki. Na sa safar hannu, na sauke takunkumi don ta ga fuskata, na yi mata duk dabarun da nake yi wa 'ya'yan mutane su yi dariya. Ta datse baki, ta juya tana neman ki. Da Madam Sake ta shigo ta ce in ba ta wuri, ke kika riƙe hannun Ɗigo, ta buɗe baki ba gardama. Ina tsaye a bayan kujera ina miƙa kayan aiki. Na ji lokacin da ta ce miki Mama. Na kuma ji ta tambaye ki ko Anti Likita, wato ni, za ta bi ku gida. Kin yi saurin gyara mata, na gode, amma na riga na ji.

Bayan tafiyarku Madam Sake ta ce dama likita ba ya yi wa nasa aiki, kada in sa a rai. Ta faɗa ne don ta rufa min asiri, mu duka mun sani.

Ki shafa min kanta.

Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gidan bai yi muku shiru da yawa ba. Maigidanki ya ce tun da na ɗauko Ɗigo ba kya cin abincin kirki.

Na karɓi takardar kammalawa, kuma asibitin ya ba ni aiki na dindindin. Na gyara mata ɗaki, na saya mata gado da labule mai furanni. Yaya, yarinyar nan ba ta yi min kuka ko sau ɗaya ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Sai ta nemi izini kafin ta buɗe firji. In ta gama cin abinci ta ce ta gode. Kayanta suna cikin jaka har yau, in na jera su a kabad sai in tarar ta mayar. Shekaranjiya ina taje mata kai ta tambaye ni, cikin ladabi, yaushe za a mai da ita gida.

Ba zan ce aikin da na koya banza ne ba. Akwai yaran da ke barci lafiya yau saboda shi. Amma da na san abin da shekara ta biyun nan za ta ci, da na ce a ba wani.

Jiya na mayar wa Madam Sake takardar aikin. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona, ta ce asara ce, sannan da kanta ta kira wani ƙaramin asibitin haƙori da ke kusa da ku ta yi min magana. Ba su da ɗakin tiyata. Yawancin abin da na ƙware a kai ba zan yi shi a can ba.

Ranar Asabar zan kawo Ɗigo. Ki bar mata gadonta yadda yake. Ki sa maigidanki ya nema min ɗaki a layinku ko bayansa, inda za ta iya zuwa da ƙafa. Kada ki ce mata dole ta riƙa zuwa wurina. Ki dai nuna mata ƙofar.

Ƙanwarki mai godiya,
Auta