Bandar da Ta Fito daga Madina

Ƙurban, Madina, Zulhajji 1417

Yaya Bature,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da duk mutanen Yawuri. Ga ƙullin banda nan na ba wani alhaji ɗan unguwarmu ya kawo muku. Kada ka yi dariya, kifin Madina ne, garin da ko kududdufi babu. Ka san surukinka Ya'u, ɗan masunta ne ko da ya zama direba. Kifi a nan tsada, shi ya sa in ya sami hutu yake tafiya Yanbu bakin teku da fatsa, ya kwana biyu, ya dawo mu yi banda a saman rufi. Da ita muke miya har shekara ta zagayo.

Bana ya kamo wani da bai saba kamawa ba. Ya ce talibambam ne, kifin nan mai kumbura, irin na gida, girma kawai ya fi shi. Ya feɗe, ya yanka, ya haɗa da sauran. 'Yarmu Khalida dai ta toshe hanci, wai "ma abga", ita ba ta so. Ka ba Inna rabonta tukuna, kafin ka sa hannu, don na san halinka.

Ƙanwarka, Shafa'atu

Yawuri, Muharram 1418

Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya sa albarka. Ni da nake kwana a kan ruwa ake aiko wa da kifi daga hamada, to na gode.

Ban sa hannu ba, ban ma sami dama ba. Inna ta ce tsarabar garin Manzo ba a cin ta a ɓoye. Ta zauna ta kakkarya, ta bi gidajen unguwa, kowa ɗan yanki. Yawancinsu sun adana, wai sai ranar suna ko in wani ya kwanta ciwo a sa masa a miya. Ki gaida Ya'u, ki ce hayaƙinsa ya kama, aikin ya yi.

Yayanki, Bature

Ƙurban, Madina, Safar 1418

Yaya,

Sallama. Don Allah kada kowa ya ci kifin nan. Ka ajiye takardar nan ka tashi yanzu.

Ya'u yana asibiti. Mun yi ta cin bandar lafiya, sai ranar Juma'a na yi miya, ya riga mu ci don zai fita. Bai gama wanke hannu ba ya ce leɓensa ya mutu. Daga nan harshe, daga nan ƙafafu. Idonsa biyu, yana kallona, ya kasa ɗaga ko yatsa. Yanzu inji ke masa numfashi.

Dakta Sharfuddeen, wani likita ɗan Kano da ke asibitin, ya tambaye ni kamannin kifin. Da na faɗa sai ya ce, "Hajiya, wannan ba na kogi ba ne. Dafinsa ba ya jin wuta, ba ya jin hayaƙi, kuma ba shi da magani. Akwai saura?" Na ce akwai a Yawuri. Ya ce in aika muku da saƙo yanzu-yanzu.

Yaya, bayan banda duk kamarsu ɗaya, ni da na jera su ma ba zan iya bambancewa ba. Na buga wayar kantin da ke bakin tashar Yawuri har na gaji, ba ta shiga. Na zo filin jirgi ina roƙon matafiya har na sami mai karɓar wannan. Tsoro nake ji, wallahi. Ga shi ka ce mini masu ciwo ake ajiye wa. Ka bi gida gida, ka karɓe, ka binne da zurfi inda kare ba zai tona ba.

Shafa'atu

Yawuri, Safar 1418

Shafa'atu,

Sallama. Allah ya tashi kafaɗar Ya'u. Na bi unguwa kaf. Waɗanda suka riga suka ci Allah ya tsare su, sauran na karɓe na binne.

Saura na Inna. Ta ɓoye. Na karanta mata takardarki, na kawo liman, na yi kuka a gabanta. Ta ce abin da ya kwana a garin Manzo ba ya cutar da mutum, kuma ba za ta binne albarka da hannunta ba. Na birkice ɗakinta ban gani ba.

Na daina fita su. Kullum ina zaune a bakin murhunta, duk miyar da ta sauke ni nake fara ci, in riƙe kwanon in jira. Jiya ta ce in kwantar da hankalina, ba yanzu za ta sa ba, tana ajiye wa ranar da jiki ya ƙi.

Yau da safe ta tashi da zazzaɓi. Ki yi mana addu'a a can.

Yayanki, Bature